Malama Kubura, Mai Tsaron Takardun Gwajinmu

Ƙarfe bakwai da rabi na safe Malama Kubura Abdulsalami take sauka daga adaidaita sahu a bakin wani ɗan ofis da ke bayan kantin magani a Birnin Kudu. Takan duba batirin sola, ta kunna kwamfuta, ta zauna ko jakarta ba ta sauke daga kafaɗa ba. Wanda ya gaishe ta a wannan lokaci zai ji ta amsa, amma idonta na kan allo. Rajista take karantawa: wa ya shiga shafinmu tun jiya, daga ina, ƙarfe nawa, me ya buɗe. Sai ta kai layin ƙarshe take juyowa ta ce, "Yauwa, ina kwana? Ka yi haƙuri." Shekara goma sha biyu ke nan tana haka. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, domin likitan ido ya ce ta rabu da kallon allo tun da sauran gani. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni Ishiyaku, mai gwajin jini a Zandam, wanda ya fi kowa ba ta wahala.

Bari in fara da bayyana aikin, don mutane da yawa sun ɗauka buga takarda take yi. Muna da wata haɗaka ta ƙananan asibitocin al'umma guda tara, daga Kiyako har Maruta, kuma likita ɗaya gare mu, yana zaune a Birnin Kudu. Idan na gwada jinin mutum a Zandam, sai in ɗauki hoton takardar sakamakon in ɗora a shafin haɗakar, likita ya duba daga inda yake, ya rubuto magani. Wurin da takardun suke sauka shi ake kira folda, kamar dai aljihun durowa ne a cikin kwamfuta. Gwajin ciki, gwajin kafin aure, gwajin cututtukan da mutum ba ya son ko ɗan uwansa ya ji, duk nan suke zuwa.

Lokacin da aka ɗauke ta aiki, folda ɗaya ce tak. Wanda ya gina mana shafin ya gama ya koma Kano, ya bar mu mu ashirin da wani abu muna zuba komai a wuri guda. Kowa yana ganin na kowa, kowa yana iya gogewa. Har bidiyon biki da waƙoƙi ta tarar a ciki. Ita ɗiyar gidan malamai ce a Kiyako, mahaifinta ya yi shekara arba'in yana ba da karatu a zaure, ita kuma ta karanci kwamfuta a kwaleji. Ba ta da yawan magana, don haka ba mu san abin yana cin ta ba. Sai wata rana ta ari wayar mai kantin maganin nan, mutumin da ba shi da suna a shafinmu balle kalmar sirri, ta rubuta adireshin foldar. Takardun suka jero reras, da suna da gari da sakamako. Mai kantin ya gaya mini cewa ta miƙo masa wayar, ta ce, "Malam, don Allah kar ka ba kowa wayar nan sai na dawo." Ranar ba ta ci abincin rana ba.

Mako uku ta yi tana gyara. Ta rufe hanyar da baƙo zai bi ya ga takardun. Ta raba foldar gida tara, kowane asibiti da tasa. Ta ba kowannenmu izini daidai aikinsa: ni in ɗora a ta Zandam, in duba ta Zandam, shi ke nan. Gogewa kuwa ba ni da iko. Likita kaɗai ke ganin duka. Ta kuma hana shafin karɓar komai sai hoto da takarda.

Ba mu gode mata ba. Kuma gaskiya kukanmu ba na banza ba ne. Mara lafiya zai taso daga Maruta ya zo Zandam, ina buƙatar tsohon sakamakonsa, ba dama in buɗe. Sai na kira Malama Kubura, ita ta tambayi likita, sannan ta buɗe mini wannan takarda ɗaya na yini ɗaya. Idan sabis ya yi gardama, sai a yi ta jira. Akwai ranar da wata mai ciki ta yi awa biyu a kan benci tana kallona ina ɗaga waya sama. Na kira ta raina a ɓace na ce, "Malama, mu ɓarayi ne? Me ya sa kike mana kamar ba ki yarda da mu ba?"

Ta ce, "Malam Ishiyaku, na yarda da kai. Wanda zai zauna a kujerarka in ka fita alwala ne ban sani ba."

Daga ranar ta daina kashe wayarta ko a ranar hutu, ta kuma shirya yadda likita zai iya buɗe mana da kansa. Jiran ya ragu, amma gunaguni bai ragu ba. Ni na riƙa zuga sauran, har maganar ta kai kunnen Alhaji Dabo, shugaban amintattun haɗakar. Alhaji mai motocin haya ne, mutumin kirki, shi ya saya mana kwamfutoci da sola da aljihunsa, amma ba ya son a ce masa a'a.

Aka kira taro wata Asabar a tsakiyar daminar 2019. Alhaji ya saurari kowa, sannan ya juya wajenta.

"Malama, yanzu ni ma in na ce zan duba, ba zan iya ba?"

"Ba za ka iya ba, Alhaji."

"Kwamfutar da na saya?"

Ta sunkuyar da kai. "Alhaji, ka yi haƙuri. Kwamfutar taka ce, Allah ya saka maka. Amma abin da ke ciki na masu shi ne. Sun miƙo hannu an ɗebi jininsu ne don sun ɗauka daga mai gwaji sai likita."

Alhaji ya gyara hularsa ya ce, "Duk waɗannan ma'aikata yaranmu ne, mun san iyayensu. Ba na son mara lafiya ya ƙara jira. Ki buɗe wa kowa kafin Litinin."

Ta ce, "To Alhaji, a rubuto mini a takarda, kai da likita ku sa hannu." Alhaji ya ce za a rubuta. Na fito daga taron ina murna, har na sayi tsire a hanya.

Daren Lahadi aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Data ta mutu a Zandam, kira ma da ƙyar yake shiga. Litinin da Talata ban iya shiga shafin ba, sai tara takardu nake yi a kwali. Safiyar Laraba, wajen takwas saura, wayata ta yi ƙara.

"Malam Ishiyaku, kana ina?"

"Ina Zandam mana."

"Ka shiga shafi jiya da la'asar?"

"Da wace datar? Tun Litinin ba mu da sabis."

Ta ce, "To wani ya shiga da sunanka, daga wajen Bauchi. Ya yi minti arba'in a ciki. Wa ka ba kalmar sirrinka?"

Na san amsar. Akwai wani Ɗanbala da ya yi aiki tare da ni, magidanci ne, ya ma girme ni. Na ba shi kalmar sirrina don ya riƙa ɗora takardu in aiki ya yi mini yawa. Wata biyu kafin nan aka sallame shi saboda yana kai labarin marasa lafiya majalisa, ya fita yana cewa sai ya tona asirin asibitin nan. Sau uku Malama Kubura ta ce in canza kalmar, sau uku na ce mata gobe.

Na ce, "Malama, kin buɗe foldojin ne? Kin buɗe kamar yadda Alhaji ya ce?"

Layin ya katse. Na kira, na sake kira, ya ƙi shiga.

Ban san yadda na hau babur ba. Hanya duk taɓo, a wani wurin sai na sauka na tura, ruwa har gwiwa. Ina tafe ina lissafin mutane. Takarda kusan dubu shida ce a shafin nan. Na tuna limamin da ya zo mini bayan an watse don kar a gan shi. Na tuna 'yan matan da aka kusa ɗaura wa aure, da matan da suka ce in rantse ko mazajensu ba za su ji daga bakina ba. Idan ta bi umarnin Alhaji, umarnin da ni na jawo, to duk suna cikin wayar Ɗanbala tun jiya. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Duk wanda na wuce ya ɗaga mini hannu, sai in ga kamar ya riga ya ji.

Na isa ofishinta bayan azahar, wandona jage-jage. Likita yana tsaye a bayanta, Alhaji Dabo yana zaune a kan benci riƙe da carbi amma ba ya ja. Ban ko yi sallama daidai ba.

Ta ce, "Zauna, Malam. Ban buɗe ba."

Na zame na zauna a ƙasa.

"Takardar ba ta iso ba," in ji ta, "ni kuma ban je nemanta ba."

Ta juyo da allon ta nuna mana layi-layi. Ɗanbala ya gwada foldar Maruta sau tara, an hana shi. Daga baya muka ji akwai wanda suke rigimar gona da shi a can, takardarsa yake nema. Ya gwada ta Gwaram, ya gwada ta Kiyako, an hana shi. Ya gwada gogewa, an hana shi. Na fara cewa alhamdulillahi, sai ta ɗaga hannu.

"Tukuna. Taka a buɗe take gare shi, tunda da sunanka ya shigo. Ya duba goma sha huɗu, ya sauke uku a wayarsa."

Mutum uku. Na san su duka, na san gidajensu.

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Tunda abin bai yi yawa ba, a rufe maganar a nan. In aka ji, ba wanda zai ƙara zuwa asibitocin nan." Ni ma abin da nake so ke nan, ban dai iya faɗa ba.

Malama Kubura ta ce, "Alhaji, gara su ji daga bakinmu yau da su ji a kasuwa jibi. Mu muka yi sake da amanarsu. Zan je da kaina."

Alhaji ya zaro makullin motarsa ya ajiye a kan tebur.

Washegari da safe muka tafi. Ni na sami namijin da ke cikinsu na gaya masa, ya zage ni son ransa, na tsaya na sha. Ita Malama Kubura ta shiga wajen matan biyu, tunda ni ba ni da ikon wuce zaure. Ɗaya daga cikinsu zan kira ta Hajjo, ba sunanta ke nan ba, kuma abin da ke cikin takardarta ba zai fito daga alƙalamina ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, abinci take sayarwa, da shi take riƙe da 'ya'ya biyar, kuma irin labarin nan ne da in ya fita, mutane kan daina cin abin hannun mutum ko da ba gaira ba dalili.

Ina zaure ina jiyo su ta katanga.

"Yaya Hajjo, na zo da maganar da ba ta da daɗi. Takardarki ta gwaji ta faɗa hannun wanda bai kamata ba. Laifin daga wajenmu ne."

Hajjo ta ce, "Wa ya gani?"

"Mutum ɗaya muka sani. Ban sani ba ko ya tura wa wani."

"Malama, kin san da me nake ci da yaran nan?"

"Na sani."

"To me kika zo in yi?"

"Ba komai. Na zo ne kar ki ji a bakin wani. Kuma duk abin da ya biyo baya, ba ke kaɗai za ki tare shi ba."

Sai na ji kuka, irin wanda ake danne shi da mayafi don kar maƙwabta su ji. Na fi awa ɗaya a zauren nan, kuma ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Alhaji da dagaci suka sa aka nemo Ɗanbala ta hannun yayansa. Aka goge takardun a gaban shaidu, hukuma ta yi nata aikin. Amma ya riga ya tura ta Hajjo wa mutum biyu, kuma raɗe-raɗi ya ɗan zaga. Cinikinta ya faɗi. Mako shida muna zaman ɗar-ɗar, kullum ina jiran in ji ta tattara ta bar gari. A makonnin nan shida, duk ranar kasuwa sai Malama Kubura ta shigo motar haya tun daga Birnin Kudu, ta zauna a rumfar Hajjo inda kowa zai gan ta, ta ci, ta sa a ƙulla mata na gida. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Daga baya matar likita ta fara biyo ta, sannan direbobin Alhaji. Ciniki ya dawo, ko da yake bai kai na da ba. Hajjo tana nan a garinta. Har yau in mun haɗu takan kau da kai, kuma ban ga laifinta ba.

Malama Kubura, ke ce kika tsaya ke kaɗai a ɗakin da kowa ya juya miki baya, har da ni da na fi kowa sanin abin da ke cikin takardun nan. Ke ce kika sha zagi a kan mutanen da ba su san sunanki ba, ba kuma za su taɓa sani ba, domin alherinki shi ne abin da bai same su ba. Ba ki taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba. Da na zo ba ki haƙuri, cewa kika yi, "Zo mu canza kalmar tukuna, haƙurin ya biyo baya." Kainuwa dashen Allah, 'yar malam mai riƙon amana.

Bayan wannan ba ta huta ba. Ta sa shafin ya riƙa fitar da mutum da kansa in ya bar kwamfuta na minti goma. Ta cire sunayen marasa lafiya daga kan hotunan, ta maye su da lamba. Ta sa duk wanda zai shiga sai an turo masa wasu lambobi a wayarsa. Duk wata uku takan zaga asibitocin tara, ta ɗaga allon rubutun kwamfuta ta leƙa ƙarƙashi, ta buɗe durowa, ta ga ko wani ya manna kalmar sirrinsa a takarda. Takan samu, har yanzu. Alhaji Dabo bai ƙara tayar da maganar buɗewa ba. A wani taro ma wani sabon ma'aikaci ya fara ƙorafi, Alhaji ya katse shi ya ce, "Ni ma ba na gani. Zauna."

Ba zan ɓoye ba, tafiyarta tana ba ni tsoro. Takardun yanzu sun haura dubu ashirin, ma'aikata sun ninka, kuma kowa yana da waya mai kyamara a aljihu. An ɗauki wadda za ta gaje ta, Malama Ummu Salma, ta san aiki, wata huɗu suna zama tare. Amma sanin kwamfuta daban, iya cewa a'a ga wanda ya ɗauke ka aiki daban. Na gaya wa Malama Kubura haka makon jiya. Ta yi murmushi ta ce, "To ku ne za ku tsaya mata. Ni ban samu ba, ita ta samu." Sannan ta nuna mini takardar miƙa aiki da ta rubuta. Abu na farko a ciki shi ne, ranar da ta tafi, kafin ta kai bakin titi, a rufe sunanta daga shafin, kar a bar mata izinin ko folda ɗaya.

Mun gode, Malama. Na gode a madadin asibitoci tara, da limamai da amare da masu ciki da suka kwana lafiya ba su san an taɓa ƙwanƙwasa ƙofarsu ba. Allah ya ba ki lafiyar ido, ya rufa miki asiri duniya da lahira kamar yadda kika rufa wa bayinsa.

Ku kuma masu karatu, da yawanku kuna riƙe da takardun wasu: a makaranta, a asibiti, a kotu, a ofishin ƙungiya. Ku tambayi kanku wa ke iya buɗe su, kuma ko aikinsa ya kai ya buɗe. Idan akwai irin Malama Kubura a wajenku, mai hana ku abin da kuke ganin sauƙi ne, ku daina yi mata kallon mai taurin kai, ku mara mata baya tun ba ku hau babur cikin taɓo ba. Idan kuwa akwai wanda kuka taɓa ba kalmar sirrinku, ku ajiye wannan rubutu ku je ku canza ta. Ni gobe na ce, sau uku, kuma wata baiwar Allah ce ta ɗauki nauyin goben nan tawa.